Wa ya fara so? Fashin baƙi kan zaɓin ɗan Adam da ƙaddarar Allah a koyarwar Kirista

Duk wanda ya zauna ajin shirin baftisma a ikkilisiyar da ake sujada da Hausa, ko a Malumfashi ne, ko a ƙauyukan Kafur da Bakori, ko a cikin birnin Katsina, ya haddace umarnin da Yesu Almasihu ya ce babu wanda ya fi shi girma a cikin Attaura, wato mutum ya ƙaunaci Ubangiji Allahnsa da dukan zuciyarsa da dukan ransa da dukan hankalinsa. Yana nan a Matiyu 22:37, asalinsa kuwa daga Maimaitawar Shari'a 6:5. A ajin nan dai ake koya masa wata aya ta 1 Yahaya 4:19, wadda ta ce muna ƙauna ne domin Allah ne ya fara ƙaunarmu. Yawancin masu bi suna riƙe da ayoyin biyu har tsufa ba su taɓa jin wata tsama a tsakaninsu ba, amma wanda ya tsaya ya auna zai ga tambaya tana leƙowa. Umarni ba ya da ma'ana sai in wanda aka umarta yana da halin bi ko ƙi. In kuwa ƙaunar da mutum yake yi wa Allah daga wurin Allah ta fito, kuma shi ne ya zaɓi nasa tun kafin a kafa duniya kamar yadda Afisawa 1:4 ta faɗa, to mene ne rabon mutum a cikin al'amarin, kuma da wane laifi za a kama wanda bai ƙaunace shi ba?

Bakatsinen da ya taso da karatun tauhidin Musulunci zai ji kamar ya san maganar, domin imani da ƙaddara, mai daɗinta da mai ɗacinta, yana cikin shika-shikan imani shida, kuma malamai sun daɗe suna warware saɓanin Jabariyya da Ƙadariyya da matsayin Ash'ariyya. Akwai kama ƙwarai, sai dai gardamar Kirista ta fi ƙunci. Ba a yin ta a kan arziki ko ajali ko ruwan damina, domin waɗannan duka ɓangarorin sun yarda suna hannun Allah. Ba a kuma yin ta a kan ko mutum yana da ikon zuwa kasuwar Charanci ko ya zauna gida, wannan ma ko masu tsananin ra'ayin ƙaddara sun bar wa mutum shi. Tushenta koyarwar zunubin asali ce, wadda Musulunci bai yarda da ita ba, cewa tun faɗuwar Adamu kowane ɗan Adam ana haifarsa da zuciya mai karkata zuwa son kanta. Abin tambayar shi ne ko irin wannan zuciya za ta iya tashi da ƙarfinta ta ƙaunaci Allah fiye da kanta, in kuwa ba za ta iya ba, yaya Allah yake tashe ta, kuma su wa yake tasa.

Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne kowane ɓangare yana da ayoyinsa, wani lokaci ma a sura ɗaya. Mafi ban mamaki ita ce Maimaitawar Shari'a sura 30. A aya ta 6 Musa ya faɗa wa Isra'ilawa cewa Ubangiji zai yi wa zukatansu kaciya, da na zuriyarsu, domin su ƙaunace shi da dukan zuciya su rayu. A nan ƙauna aikin Allah ce a cikin mutum. Kafin surar ta ƙare, a aya ta 19 da ta 20, Musan nan dai ya ce ya sa rai da mutuwa a gabansu, albarka da la'ana, sai su zaɓi rai, su ƙaunaci Ubangiji, su manne masa. Ga dukan alamu marubucin bai ga wani abin da ke bukatar sulhu tsakanin zantukan biyu ba. Haka labarin Fir'auna yake a littafin Fitowa, a 8:15 Fir'auna ne ya taurare zuciyarsa, a 9:12 kuma Ubangiji ne ya taurare ta.

A Sabon Alkawari manzo Bulus ne ya fi ɗaure maganar. Ayar da masu bi suke ta'aziyya da ita a gidan makoki, Romawa 8:28, ta ce kome yana aiki tare domin amfanin masu ƙaunar Allah, sai nan take ta bayyana su a matsayin waɗanda aka kira bisa ga nufinsa, sa'an nan aya ta 29 da ta 30 suka jero sarƙa: waɗanda ya riga ya sani ya ƙaddara su, ya kira su, ya baratar da su, ya ɗaukaka su. A sura ta 9 ya kawo Yakubu da Isuwa, tagwayen da aka fifita ɗaya a kan ɗaya tun suna ciki, ba su aikata nagarta ko mugunta ba, ya kuma tambaya ko maginin tukwane ba shi da iko a kan yumɓunsa. Bisharar Yahaya ta ƙara da cewa ba mai iya zuwa wurin Yesu sai Uba ya jawo shi, a 6:44, kuma almajirai ba su suka zaɓe shi ba, shi ya zaɓe su, a 15:16. A ɗaya hannun, 1 Timoti 2:4 ta ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto, 2 Bitrus 3:9 ta ce ba ya so kowa ya hallaka. Yesu ya yi makoki a kan Urushalima a Matiyu 23:37, ya ce sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza take tattara 'yan tsakinta amma suka ƙi, Istifanas kuma, Kirista na farko da aka kashe saboda bangaskiyarsa, ya zargi masu shari'arsa da cewa kullum suna tsayayya da Ruhu Mai Tsarki. Masu kāre zaɓin mutum suna kuma tuna mana cewa zancen Yakubu da Isuwa Bulus ya ɗauko shi ne daga annabi Malakai, inda ake maganar al'ummu biyu, Isra'ila da Edom, don haka suna ganin surar tana bayanin wadda Allah ya zaɓa ta riƙe alkawari a tarihi ne, ba hukuncin lahirar mutum ɗaɗɗaya ba.

Mutumin da ya mayar da waɗannan ayoyi suka zama tsararren fanni ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekarar 354 a Tagasta, garin da yanzu ake kira Suk Aharas a Aljeriya, ya zama bishop na Hifo, wato Annaba ta yau, ya rasu a 430. Da fari shi ma yana ganin bangaskiya daga mutum take farawa, Allah ya ɗora alheri a kai. Wajen shekarar 396, yana amsa tambayoyin wani dattijon malami na Milan a kan Romawa 9, sai ya sauya ra'ayi, ayar da ta fi kama shi kuwa ita ce 1 Korantiyawa 4:7, inda Bulus ya tambaya me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba. Daga nan ne addu'arsa sananniya ta fito, wadda ya roƙi Allah ya ba da abin da ya umarta, sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama. Wani mai zuhudu daga Biritaniya mai suna Felajiyus, wanda yake koyarwa a birnin Roma yana fama da sakacin masu kuɗin da suka shiga Kiristanci da baki kawai, ya ji wannan addu'a ya ƙi ta. A ganinsa Allah mai adalci ba zai umarci abin da ba zai yiwu ba, tun da ya ce a ƙaunace shi to mutum yana iyawa, kuma zunubin Adamu mugun misali ne kawai da zuriyarsa suka kwaikwaya. Bai kamata a raina damuwarsa ba, domin ya ga yadda mutane suke fakewa da raunin ɗan Adam su ƙi gyara halinsu. Agustin ya amsa da Romawa 5:5, cewa Ruhu Mai Tsarki ne yake zuba ƙaunar Allah a zukata, kuma shari'a tana nuna wa mutum abin da ya wajaba a kansa amma ba ta ba shi son yinsa. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj a 418 ta yi tir da koyarwar Felajiyus, majalisar Afisa ta 431 ta tabbatar.

Nasarar ta haifi sabuwar matsala tun Agustin yana raye. Wajen 426 wasu masu zuhudu a Hadrumetum, garin Susa na Tunisiya a yau, suka ce in haka ne bai kamata shugabansu ya tsawata wa mai laifi ba, sai dai ya yi masa addu'a, tun da gyaruwa kyauta ce da ba a ba shi ba. Sai da Agustin ya rubuta musu littattafai biyu, a na biyun yana nuna cewa tsawatarwa ita kanta hanya ce da Allah yake bi ya gyara zuciya. A kudancin Faransa kuma wasu masu zuhudu, waɗanda suka tasirantu da koyarwar Yohanna Kasiyan, suka nemi tsaka-tsaki, suka ce wani lokaci mutum ne yake fara ɗan yunƙuri, Allah ya tarye shi. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a garin Oranj na kudancin Faransa a 529 ce ta yanke hukuncin da ya daɗe yana aiki a Yammacin duniyar Kirista, kuma hukuncin yana da fuska biyu da ya kamata a riƙe tare. Ta ce ko farkon bangaskiya da marmarinta daga alherin Allah suke, ta kuma faɗa ƙarara cewa ƙaunar Allah baki ɗayanta kyauta ce daga Allah. Amma ta la'anci duk wanda ya ce akwai waɗanda ikon Allah ya ƙaddara su ga mugunta.

Bayan kusan shekara dubu maganar ta sake tashi da ƙarfi a zamanin gyaran ikkilisiya. A 1524 masanin nan ɗan Holan, Irasmus, ya rubuta littafi yana kāre 'yancin zaɓi, Martin Luta ya mayar masa da martani a 1525 da littafin da ya nuna cewa nufin mutum bawa ne ga zunubi har sai Allah ya 'yanta shi. Luta har ya yaba wa abokin gardamarsa, ya ce shi kaɗai ne ya kama maƙogwaron maganar, sauran suna ta ɓata masa lokaci da zancen Paparoma da takardun gafara. Mabiyan Luta daga baya, a yarjejeniyar aƙidarsu ta 1577, suka tsaya a kan cewa Allah yana zaɓa zuwa ceto amma ba ya ƙaddara kowa zuwa hallaka. Jon Kalbin na Jeniba, wanda ya rayu daga 1509 zuwa 1564, shi ne ya bi lissafin har ƙarshensa, ya koyar da cewa tun fil azal Allah ya ƙaddara wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa hukunci, ba domin wani abin da ya hango a cikinsu ba. Shi da kansa ya amsa cewa wannan hukunci abin tsoro ne, amma ya ce ba shi da ikon ɓoye abin da ya gani a rubuce.

Daga cikin gidan Kalbin ne babbar adawa ta fito. Yakubu Arminiyus, malamin tauhidi a jami'ar Laidin, ya yi karatu a Jeniba, ya rasu a 1609, almajiransa suka miƙa wa hukumar Holan takardar ƙorafi mai batutuwa biyar a 1610. Mutane da yawa suna zaton sun koma ga ra'ayin Felajiyus ne, alhali takardar ta faɗa a fili cewa mutum ba zai iya ko tunanin abin kirki na gaske ba sai an sāke haifarsa. Inda suka rabu shi ne suka ce Almasihu ya mutu domin kowa, Allah yana zaɓar waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya, kuma ana iya turje wa alheri. Majalisar ikkilisiya ta garin Dort a Holan ta zauna daga Nuwamban 1618 zuwa Mayun 1619 ta ƙi waɗannan batutuwa, ta tsaya a kan zaɓe marar sharaɗi, da mutuwar Almasihu mai tabbatar da ceton zaɓaɓɓu, da alherin da ba ya kasa cika aikinsa, da dawwamar masu bi na gaskiya. Siyasa ta shiga ciki dumu-dumu, an sauke fastoci masu bin Arminiyus kimanin 200, an kuma sare kan dattijon ɗan siyasar da yake goyon bayansu, Oldenbarnebelt, a watan da majalisar ta tashi.

Ikkilisiyar Katolika ta yi tata gardamar a gida. Majalisar Tirent a 1547 ta ce Allah ne yake fara taɓa zuciya ba tare da wani cancantar mutum ba, mutum kuma yana ba da haɗin kai, yana iya ƙi. Sai wani malamin ƙungiyar Jizuwit, Luwis Molina, ya kawo bayani a 1588 cewa Allah yana da wani sani na tsakiya, wato ya san abin da kowane mutum zai zaɓa da yardar ransa a kowane hali da za a sa shi, ko da halin bai taɓa faruwa ba. Hujjar masu wannan ra'ayi ta haɗa da 1 Sama'ila 23, inda Allah ya faɗa wa Dawuda cewa mutanen Kaila za su bashe shi in ya zauna, Dawuda ya gudu, abin bai auku ba. 'Yan ƙungiyar Dominikan, masu bin Toma Akwinas, suka ce wannan ya mai da Allah mai jiran ganin abin da bawa zai yi. An kai shekaru ana sauraron ɓangarorin a Roma, a 1607 Paparoma Bulus na Biyar ya rufe zaman bai ba kowa gaskiya ba, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a. Littafin katikisma na 1992, wanda da shi ake koyarwa a majami'un Katolika har da na dayosis ɗin Katsina da aka kafa a 2023, ya ce Allah ba ya ƙaddara kowa zuwa wuta. Ikkilisiyoyin Otodoks na Gabas kuwa tun asali ba su bi Agustin nisa ba, suna maganar aiki tare ne tsakanin alherin Allah da nufin mutum, kuma majalisarsu ta Urushalima ta ƙi koyarwar Kalbin a 1672.

Wanda ya bi wannan tarihi zai lura da abin da masu gardamar yau suke yawan mantawa. In aka cire Felajiyus, babu wata babbar ɗariƙar Kirista da ta ce mutum ne yake fara ƙaunar Allah. Katolika da Otodoks da Luta da Kalbin da Arminiyus duka sun yarda Allah ne na fari. Ragowar saɓanin ɗan siriri ne amma mai zurfi: bayan Allah ya taɓa zuciya, shin mutum yana iya ƙi har ƙarshe? Idan mutum biyu suka ji wa'azi ɗaya a majami'a ɗaya, ɗaya ya narke ɗaya ya fita yadda ya shiga, bambancin daga wa yake?

Masu bin Arminiyus suna kafa hujja da yanayin ƙauna ita kanta, kuma Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan domin ya san auren dole. Ana iya ɗaura wa yarinya aure, a kai ta ɗaki, ta yi girki ta yi biyayya, amma kowa a unguwar ya san ba a sami zuciyarta ba, mijin ma ya sani. In Allah yana neman ƙauna, in ji su, dole ne ya bar ƙofar ƙi a buɗe, domin amincewar da babu halin ƙinta ba ta da daraja. Jon Wesli, wanda ya kafa Metodis, ya ƙara da cewa Allah yana ba kowane mutum alherin da ke riga shi, wanda yake maido masa da ikon amsawa da zunubi ya ƙwace, ta yadda zaɓin kansa kyauta ne. Masu bin Kalbin kuwa suna cewa misalin bai dace da koyarwarsu ba, domin a auren dole zuciya tana ƙi ana tilasta jiki, su kuwa suna maganar sauya zuciyar ne, kamar yadda Ezekiyel 36:26 ya yi alkawarin cire zuciyar dutse a sa ta nama. Takardun Dort da kansu sun ce alheri ba ya aiki a kan mutane kamar gungume ko dutse, ba ya kashe nufi, yana rayar da shi ne ya warkar da shi. Agustin ya riga su bayanin, sa'ad da yake wa'azi a kan Yahaya 6:44 ya ce in ka nuna wa tunkiya ɗanyen ganye za ta biyo ka ba tare da igiya ba, marmari ne yake jan ta. Suna kuma da tambaya mai wuyar amsa: tsarkakan da ke sama ba sa iya daina ƙaunar Allah, shin ƙaunarsu ta ƙarya ce ke nan? Jonatan Edwads na Amurka ya tsara wannan ra'ayi a 1754, ya ce 'yanci shi ne mutum ya aikata abin da ransa ya fi so ba tare da an tilasta shi ba, kuma ba wanda yake zaɓar abin da ransa zai so.

A ganina masu bin Kalbin sun fi fahimtar yadda so yake kama mutum. Babu wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar zai ji daɗin wani abu sai kuma ya ji, kuma duk mai bi da aka tambaya labarin tubarsa yakan ba da shi da kalmomin wanda aka nemo aka samu. Amma kuɗin da suke biya yana da nauyi. In Allah yana iya sauya kowace zuciya ba tare da ya tilasta ta ba, kuma bai sauya duka ba, to dole a ce akwai waɗanda bai nufa da ceto ba, sai a koma ana fassara dukan mutane na 1 Timoti 2:4 da kowane irin mutane, ko a raba nufin Allah kashi biyu, wanda ya bayyana da wanda ya ɓoye. Wannan fassara tana da masu kāre ta na kirki, amma kukan Yesu a kan Urushalima ba ya zama daidai a cikinta. Masu bin Arminiyus su ma ba su tsira kyauta ba. In alheri ɗaya aka ba mutum biyu, wanda ya amsa yana da wani abu a kansa da ɗayan ba shi da shi, tambayar Bulus ta me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba ta dawo musu. Sa'an nan sanin gaba bai raba su da matsalar ba, domin Allah ya halicci mutumin da ya riga ya san zai ƙi. Shi ya sa nake ganin hukuncin Oranj ya fi kusa da yadda Littafi yake magana, ya danganta ƙauna ga Allah ɗungum, ya bar laifin ƙi a kan mutum, ya ƙi cike gurbin da ke tsakani da lissafi. Masu son tsararren tsari za su ce wannan gudun tambaya ne, kuma ba za a ce ba su da ƙamshin gaskiya ba. Malamin Suwizalan Karl Bart ya gwada wata hanya a 1942, ya ce Yesu ne zaɓaɓɓen kuma shi ne ya ɗauki ƙin da ya cancanci mutane, amma nan take aka tambaye shi ko hakan yana nufin kowa zai tsira, bai kuwa yarda ya ce i ko a'a kai tsaye ba.

Ana yawan zargin koyarwar ƙaddara da kashe himmar wa'azi, tarihi kuwa bai goyi bayan zargin ba. Wesli da abokinsa Joj Witfild sun yi kaca-kaca a kan wannan batu daga 1739 zuwa 1741, Witfild yana bin Kalbin, amma dukansu biyu sun ƙare rayuwarsu suna wa'azi a fili ga dubban talakawa, kuma Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da Witfild bayan rasuwarsa a 1770. A Nijeriya ma ikkilisiyoyin da suka gaji aƙidar Dort, irin NKST ta ƙasar Tibi da CRCN ta Taraba, ba su gaza Metodis wajen kai bishara ba. ECWA, wadda ta fito daga mishan ta SIM da ta fara shigowa a 1893, ta gaji mishanari daga ɗariƙu dabam-dabam, shi ya sa a taro ɗaya za ka ji an yi waƙar godiya domin Allah ya zaɓe mu, a kuma rufe da kiran duk mai son karɓar Yesu ya fito gaba. Haɗarin gaske yana wurin mutumin da aka yi masa nasiha ya ce in Allah ya nufa zai tuba, ya ci gaba da abin da yake yi, wato ra'ayin masu zuhudun Hadrumetum a bakin Bahaushe. Babu ɓangaren da ya yarda da wannan. Masu bin Kalbin sukan amsa da Ayyukan Manzanni 27, inda aka tabbatar wa Bulus cewa ba wanda zai mutu cikin mutum 276 da ke jirgin, duk da haka ya ce wa sojoji in matuƙan suka gudu ba za su tsira ba, wato wanda ya ƙaddara ƙarshe ya ƙaddara hanyar kaiwa gare shi.

Akwai kuma mai tsoron da yake kwana yana tambayar kansa ko yana cikin zaɓaɓɓu. Sharuɗɗan aƙida 39 na Angilikan, a sharaɗi na 17, sun ce tunanin zaɓe ta'aziyya ce mai daɗi ga masu ibada, amma ramin faɗuwa ne ga masu bin ƙwaƙƙwafi marasa Ruhu, domin yana jefa su cikin fid da rai ko cikin lalata. Kalbin ya shawarci irin wannan mutum da kada ya nemi leƙa littafin asirin Allah, ya dubi Almasihu, wanda ya kira madubin zaɓenmu. Inda fastoci suke ba da amsa dabam-dabam a aikace shi ne batun wanda ya yi shekaru yana hidima, ana shaidarsa da ƙaunar Allah, sa'an nan ya juya baya. Mai bin Dort zai ce ko dai tuntuɓe ne zai dawo kafin mutuwa, ko kuwa tun fari ƙaunar ba ta yi saiwa ba, ya kawo 1 Yahaya 2:19, cewa sun fita daga cikinmu domin ba namu ba ne. Mai bin Wesli zai ce ƙaunar ta gaske ce kuma mutumin ya yar da ita da hannunsa, ya kawo gargaɗin Ibraniyawa sura 6. Fada na Katolika zai ce babban zunubi yana kashe ƙaunar Allah a zuciya, kuma ana maido da ita ta hanyar tuba da furta zunubi, don haka zai aika a kira mutumin ya zo su zauna.